Bana ma Ba Ni Zuwa Sussuka

Daren Alhamis, Karmo

Yau na je asibiti don likita ta rubuta mini takarda cewa na warke, in kai wa Inna, ko ta bar ni in je sussukar dawa a Kwali. Shekara biyu ke nan asma ba ta tashi ba.

Na ce, "Likita, tawa ai ba ciwo ba ce, 'yar gaba ce tsakanina da ƙaiƙayi."

Ta yi dariya ta ce, "Kai Sabo! Ko ƙaiƙayi kaɗai ke tada ta, ciwo ne mai zama a jiki. Barci take yi, ba tafiya ta yi ba."

Na bugi ƙirji kamar ɗan dambe. Ta ƙi rubutawa.

Yanzu an tara dammuna a masussuka, mata na sheƙa suna waƙa. Wa zai zuba wa Yaya Idi ƙaiƙayi a riga? Ɗazu ya kira, wai gona ta yi shiru, ya wuni bai yi susa ba.

Na ce ya gode Allah. Ya kashe wayar, ni kuwa na daɗe ban sauke ta daga kunne ba.