Tsakuwar Ƙoramarmu

Wagadugu, 14 Maris 1989

Baba,

Ina gaishe ku da Inna, da fatan Badaguishiri lahiya. Zazzaɓin ya kusa sakina, kada Inna ta damu.

Na ji Kawu Dogo yana kwasar tsakuwar ƙorama don gini. Ku hana shi! A lakwal, wato makarantarmu, mun zuba rairai da tsakuwa a gangare, muka sako ruwa. Inda tsakuwa ta rufe, rairai bai motsa ba, amma da muka tsince ta, ruwa ya wanke komai. Haka damina za ta cinye garkar albasarmu da ke bakin ƙorama.

In ya ƙi ji, da hutu zan zo in mayar da ita da kaina, kwando-kwando.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanku,
Baƙo