Zirin Awon Luba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta dace da uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ɗiyarki ce Kulu, daga shagonki na Sabon Garin Jega. Shekara uku ke nan da rasuwarki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, ko da kina raye ma sai dai in zauna in karanta miki. Amma akwai labarin da ke ya kamata ki fara ji. Masu karanta wannan a shafina na intanet su yi haƙuri, ba da su nake ba.

Inna, yau da safe na kwance zirin ƙanwata Luba.

Ke ba ki taɓa yin awo da tef ba. In mace ta kawo ɗinki, sai ki yanki siririn ziri daga gefen atamfarta, ki zagaya shi a jikinta kina ƙullawa: ƙulli ɗaya na kafaɗa, ɗaya na ƙirji, ɗaya na ƙugu, ɗaya na tsawon riga. Sannan ki rataya shi a ƙusa. Ba suna, ba lamba, zanen atamfar kaɗai ya ishe ki sanin mai shi. Da na gama koyon ɗinkin zamani na dawo da tef a wuya ina hura hanci, na ce miki wannan aikin mutanen da ne. Ko ɗaga kai daga keke ba ki yi ba, kika ce, "Naki abin lamba ɗai ya sani, Kulu. Nau mutane ya sani."

Idan kuwa mai ziri ta rasu, da kanki kike sauko da shi, ki kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya kina yi mata addu'a, ki aika wa danginta. Ranar da na taɓa na wata tsohuwa daga Gehuru don na ji an ce jikinta ya yi tsanani, sai da kika buge mini hannu. "Ba a kwance ma mai rai," kika ce.

Wani abin da muka sha faɗa a kansa shi ne rarar yadin da kike bari a cikin kowace riga, kusan yatsa uku kowane gefe. Ni ina ganin ɓarna ce. Ke kuma kullum amsarki guda: "Bar mata wuri. Macce ta, gobe ciki, jibi goyo, ga ƙiba tahe." Haka kika tilasta mana soke allura a bakin kallabi duk inda za mu, har Luba ta riƙa cewa wata rana za mu tsokane wa kanmu kunne.

Kin tuna ɗinkinki na ƙarshe? Atamfar nan ruwan albasa mai zanen tsuntsaye, wadda Luba ta saya ran kasuwa, ta hau mashin daga gidan mijinta a Maiyama ta kawo miki. Kina awonta tana dariya wai kina yi mata cakulkuli, ke kuma kina tsokanarta da cewa nan gaba turmi guda ba zai rufe ta ba. Idanunki sun riga sun yi rauni, ni na zura miki zare, amma kalmasar zanen da hannu kika yi, kika hana ni taɓawa.

Da wannan riga da zanen ta fita zuwa ta'aziyya wata goma sha huɗu da suka wuce. 'Yan bindiga suka tare motarsu a hanya, suka shiga daji da matan da ke ciki. Kuɗin fansar da suka nema mun kai. Daga nan waya ta daina shiga.

Da shekara ta cika, mijinta Malam Sani ya zo shago ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce manya sun ba da shawarar a yi mata addu'a a raba sadaka. Inna, na yi masa rashin kunyar da ba ki koya mini ba. Na nuna masa ƙusa na ce ga zirinta nan da ƙullinsa huɗu, wanda ya gaji da jira ya je ya yi abin da ya ga dama. Bawan Allah ya share ido da bakin rawani ya tafi. Kullum in na buɗe shago zirin nake fara dubawa, kamar shi ne yake riƙe da ranta.

Shekaranjiya wata mata ta yi sallama da leda a hannu. Malama Rifkatu sunanta, Kirista ce, baƙuwa ce da aikin koyarwa ya kawo ta wata firamare a Aliero. Mota ɗaya suka shiga da Luba. Ita Allah Ya kuɓutar da ita, ta yi jinya wajen danginta, da ta iya tafiya kuma ta zo tana tambayar shagon Inna mai awo da ƙulli, don haka Luba ta kwatanta mata. Tun kafin ta buɗe ledar na hango atamfar nan ruwan albasa.

Ta ce a wata na bakwai zazzaɓi da yunwa suka kayar da Luba. Da ta ga jikin ba na tashi ba ne, sai Luba ta tuɓe rigar ta ba Malama Rifkatu, don tata ta yage har ba ta rufe ta, ta ce in ta fita ta kawo mini. Matan da ke wurin ne suka yi mata wanka da ɗan ruwan da suka samu. Babu likkafani, Inna. A cikin zanen atamfar suka naɗe ta suka rufe.

Ban yi kuka a gabanta ba. Na ba ta ruwa, na raka ta bakin titi, na dawo na juya rigar ciki waje kamar yadda kika koya mana duba aikin kowa.

Ga ɗinkinki nan, ga rarar da kika bari, ba a taɓa ta ba. Amma daga ciki akwai wasu layuka uku na ɗinkin hannu, da farin zaren buhu. Malama Rifkatu ta riga ta gaya mini dalili: saboda rama rigar ta riƙa zamewa daga kafaɗar Luba a gaban mazan nan, ita kuwa kin san kunyar Luba, sai ta zare allurar kallabinta ta rage ta. Layin farko a miƙe yake, ƙanana-ƙanana, aikin Luba sak. Na biyu ya ƙara shiga ciki. Na uku a karkace yake, wani wuri ta tsallake, wani wuri ta soka sau biyu, kuma bai kai ƙasa ba.

Na sauko da zirinta na zagaya a ƙugun rigar. Ƙullin ya wuce da fiye da taƙi guda. Wurin da kika bar mata don ciki da goyo da ƙiba, ga abin da ya zama. A nan ne kuka ya ƙwace mini, har maƙwabta suka shigo.

Na ɗauki almakashi da niyyar farke layukan nan in mayar da rigar yadda kika ɗinka ta, sai na kasa. Aikin hannunta na ƙarshe ke nan, ba ni da ikon gyara shi.

Jiya na je Maiyama na durƙusa na ba Malam Sani haƙuri. Yau kuma bayan na share shago na zauna a kujerarki na kwance ƙullin, na kafaɗa, na ƙirji, na tsawo, ina addu'a yadda na ji kina yi. Na ƙugu ya ƙi, don kin ja shi da ƙarfi lokacin da take dariya tana motsi. Da haƙori na kwance shi. Zirin yana nan a cinyata, ban san wa zan aika wa ba, tunda dangin nata ni ce.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Allah Ya jiƙan Luba, Ya sa wahalar da ta sha ta zama kankarar zunubi, Ya dawo da matan da suka rage a dajin nan gidajensu da rai. Allah Ya saka wa Malama Rifkatu da alheri. Ina roƙon Ya haɗa ki da Luba wuri guda. In ta iso wurinki ba ki shaida ta ba saboda rama, ki duba zanen da ke jikinta, kalmasarki ce a bakinsa.

Wassalam,
Ɗiyarki da ta rage,
Kulu