Katin da Na Cike wa Baba

Assalamu alaikum, Yaya.

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta maka wahalar aiki, ya raya mana zuri'a. Mu nan alhamdulillahi, sai gajiya da ta ƙi sakina. Tun da muka dawo gidan Baba da zama don kula da shi, ban san na yi barci na ƙoshi ba. Ina nan a kantin magani, a tsaye daga safe har la'asar, ƙafafuna sun fara kumbura. Maigidana an ƙara masa lokacin aiki, sai mu yi kwana biyu ba mu ci abinci tare ba. Baffa ya samu sauƙin gwiwarsa, shi ne ke wuni da Baba idan na tafi aiki, Allah ya saka masa.

Na san ranka ya ɓaci ranar Lahadi da ka kira Baba ya ƙi karɓar waya. Na ce maka barci yake, kuma na san ba ka yarda ba, don kana jin tarinsa a kusa da ni. Ƙarya na yi maka. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya kana katse ni, ni kuma kuka ke cin ƙarfina. Ka daure ka karanta har ƙarshe, laifin nawa ne.

Ka tuna kwalin takalmin nan na Baba mai cike da katuna? Shekara talatin yana koyar da Turanci, kuma duk tsawon lokacin kalma ɗaya ya sa a gaba, wato "come". Yakan ce kowane ɗalibi ya san ma'anarta zuwa, amma da zarar an liƙa mata wata 'yar ƙaramar kalma a baya sai ta sauya hali, yara su yi ta faɗuwa jarrabawa. Sai ya riƙa yanka kwalin sabulu yana yin kati, a sama ya rubuta kalmomin biyu, a ƙasa jimla ɗaya ta misali, a baya kwanan wata. Ka kuma san dokarsa: ba ya rubuta misalin da bai faru a gaban idonsa ba. Ya ce ba zai koya wa ɗan mutane yare da ƙarya ba. Shi ya sa duk asirin gidanmu yana cikin kwalin nan. Katin "come down" kai ne, ranar da ka hau rufin maƙwabta ka ƙi saukowa don tsoron bulala. "Come across" marigayiya Inna ce, da ta tsinci tabaransa a cikin kwandon albasa bayan ya tuhumi kowa a gidan. "Come off" kuwa hannun ƙofar banɗaki ne, da ya cire ya bar ni a ciki ina ihu kana dariya. Har yau ban yafe maka wannan ba.

Abin da ban faɗa maka sosai ba shi ne yadda mantuwarsa ta yi nisa. Abin da ya faru jiya ba ya kwana a kansa. Yanzu katunan nan ne suka zama ƙwaƙwalwarsa. Kullum bayan karin kumallo sai ya ɗora kwalin a cinya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana murmushi, wani lokaci ya share hawaye. Abin da na faɗa masa da baki yana iya musawa, amma abin da ke kan kati ya zauna, tunda ya san bai taɓa rubuta abin da bai faru ba. Likita ma ya ce mu bar shi da su, suna taimakonsa.

To watan jiya wani tsohon ɗalibinsa mai gidan buga littattafai ya zo gaishe shi. Da ya ga katunan sai ya ce zai buga su su zama ɗan littafi, kyauta, tun Malam yana iya riƙewa a hannunsa ya gane nasa ne. Ya ce in kwafe masa su cikin mako biyu. Haka na riƙa dawowa daga aiki, in dafa, in wanke, in ba Baba magani, sannan in zauna kwafa idanuna na yaji. Ina gab da gamawa na tarar da kati ɗaya, an rubuta "come back" a sama, ƙasa kuwa fari fat. Na kira mai buga littafin, ya ce ai wannan ba ya yiwuwa a bar shi, shi ne aka fi amfani da shi, ko yaro ya san dawowa yake nufi, in sa kowace jimla. Na ɗauka mantuwa ce ta sa Baba ya bar shi. Na gaji, Yaya, so nake kawai in gama. Na ɗauki alƙalaminsa na rubuta abin da ya fara zuwa raina, "My son has come back", wato ɗana ya dawo. Ka san shi ya koya mini rubutu yana riƙe da hannuna, har malamanmu ba sa bambance nawa da nasa. Na juya bayan katin na sa kwanan watan ranar kamar yadda na ga sauran, na mayar cikin kwalin, na je na kwanta.

Washegari ina ɗaura ɗankwali zan fita na ji ya ƙwala mini kira da muryar da na daɗe ban ji ba. Na same shi a tsaye, katin a hannunsa. Ya ce me ya sa ban tashe shi ba da ka iso, in yi maza in share ɗakinka, in ɗauko masa rigarsa ta fita. Da Baffa ya zo na ja shi gefe na faɗa masa abin da na yi, sai ya dafe kai. Ya ce katin nan da akwai misali a kansa tun da daɗewa, amma ranar da muka raka ka filin jirgi, shekara shida ke nan, Baba ya yaga shi ya yanka sabo, ya ce ba zai cike shi ba sai ranar da ka shigo da ƙafarka. Ni ban taɓa sani ba.

Na yi duk abin da zan iya. Na durƙusa na ce masa ni na rubuta, ya dube ni ya ce in daina wasa da manya, ya san rubutunsa. Na ɓoye katin, ya lura kwalin bai cika ba, ya birkita ɗaki, ya ƙi abinci, jininsa ya hau har sai da muka kai shi asibiti. Dole na mayar. Yanzu kwana ashirin da uku ke nan, kowace safiya sai ya ci karo da katin kamar yau ya fara ganinsa. Ya yi murna, ya sa rigar, ya ja kujera bakin ƙofa. Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe. Idan na dawo da la'asar sai in tarar da shi a wurin, fuska ta faɗa, ya tambaye ni me ya yi maka da kana cikin gari ka ƙi zuwa. Ranar da ka kira, cewa ya yi ba zai gaisa ta waya da ɗan da ke unguwa ɗaya da shi ba.

Na san dalilanka, takardun zama a can da hutun aiki da makarantar yara, kuma ban ce ƙarya ba ne. Shekara shida ina kare ka a wurin dangi. Amma yanzu bakina ya mutu. Likita ya ce ba ya jin Baba zai gane fuskokinmu nan da shekara guda. Ba littafin nake ji ba, na ce wa mutumin ya dakata. Ko mako ɗaya ne ka zo.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi mini alkawari. Ka shafa mini kan Babba da Auta. Maigidana da Baffa suna gaishe ku.

Baba ma ya ba ni saƙo yau da na taimaka masa ya cire rigar. Ya riƙe hannuna ya ce idan na haɗu da kai a hanya in faɗa maka ya tsufa, ba ya tuna laifin da ya yi maka, amma ko mene ne ka yi haƙuri ka yafe masa, ka shigo gida. Na ce masa zan faɗa maka. To na faɗa.

Ƙanwarka.