Tambayar Inna a filin majigi

Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da iyali da yara. Ya aiki, ya zaman Ikko? Mu nan Maska lafiya lau, ana ta cirar auduga.

Ran Laraba motar majigi ta zo garinmu, ni ne mai bayani a lasifika. Muka nuna zane mai motsi, na saurayin da tsuntsuwa ta ɗauke zuwa birnin aljanu. Da aka gama mutane suka yi ta tambaya ina amsawa.

Sai Inna ta ɗaga murya: "Audu, yaron nan ya koma wurin uwarsa kuwa?"

Baki ya suɓuce mini, na ce, "Ina! Ya sami daula, wa zai tuna da tsohuwa?" Aka kwashe da dariya. Inna ta naɗe tabarmarta ta tafi.

Sai daga baya na gane. Kai ɗan fari ne, kunya ba ta barinta ta ambace ka. Kai take tambaya.

Ka gai da kowa, ka roƙa mini gafara wurin Allah. Ka zo da sallah, Yaya, in sami wata amsar da zan ba ta.

Ƙaninka,
Audu