Layin da Ba Nata Ba

Dakoro, 3 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Azara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan. Inna tana gaishe ki. An fara yankan hatsi can gida, a Mai Yara.

Da hannu na rubuto, zan ɗauki hoton takardar in tura miki idan rezon intanet ya dawo. Maganar ba ta waya ba ce.

Shekara biyu ke nan da kika aiko mini ordinater, wato kwamfuta, daga Faransa, kika sa ni cikin ƙungiyar masu sha'awar taurari da ke taya ku masana tantance gungun taurari masu nisa, waɗanda kuke ce wa galaksi. Ke kika koya mini cewa idan aka baje hasken galaksi launi-launi kamar bakan gizo, kowace iska da ke cikinta tana barin layinta a gurbin da aka san ta da shi, kuma gwargwadon nisan galaksin, gwargwadon yadda layukan ke gusawa wajen ja. Kullum in na tashi daga lise, makarantar sakandaren da nake koyarwa, nakan duba ashirin ko talatin kafin kuran na lantarki ya ɗauke.

Ranar Talata na buɗe galaksinki, wadda kika gina littafin dokta ɗinki a kanta. Sha'awa kawai ta sa, ina son ganin baƙon layin nan da kika ce babu wata galaksi mai irinsa. Azara, na ga wasu layuka biyu ƙanana can gefen dama, sun kusa nutsewa cikin hayaniyar zanen hasken, wato karce-karcen nan marasa ma'ana. Na auna tazararsu da baƙon layin sau bakwai. Tazarar oksijen ce da idrojen, sak, sai dai na wata galaksi da ta ninka taki nisa. Ina jin galaksi biyu ne, ɗaya a bayan ɗaya, haskensu ya haɗu. In haka ne, layin ba baƙo ba ne, kuma ba na galaksinki ba ne.

Ina roƙon Allah ya sa ni ne na yi kuskure. Ki duba lissafin da ke shafi na biyu.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Bubakar

Faransa, 5 ga Oktoba

Yaya Bubakar,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna da kowa.

Ka san sutanans ɗina, ranar da zan kare littafina gaban alƙalai, saura kwana goma sha tara? An buga littafin, an raba wa alƙalai biyar. Shekara huɗu, Yaya! Farfesana ya ga zanen nan, mutum uku da suka yi shekara talatin suna wanga aiki sun gan shi. Sai kai, a Dakoro, da ordinater ɗin da na bar amfani da shi?

Ƙananan layuka irin waɗannan suna cike da kowane zane. In mutum ya nace da kallo zai ga abin da yake so.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka rubuta komai a dandalin ƙungiyarku. Masana suna karanta shi, ɗaya daga cikin alƙalaina ma yana ciki. Takardar zamana a ƙasar nan tana ƙarewa a Disamba, in aka ɗaga sutanans ban san mi zai faru da ni ba. Ka bari in wuce, bayan nan mu duba tare a tsanake.

Ƙanwarka, Azara

Dakoro, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Azara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ba da sauƙi.

Na karanta takardarki sau da yawa. Abu ɗaya na lura da shi: ba ki ce lissafin ba daidai ba ne. Na san ki tun kina goye. In da kin sami kuskure, da shi za ki fara, har ki ja mishi jan layi.

Maganar ordinater ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Gaskiya ne ni malamin fizik ne na ƙauye, kuma karatuna ya tsaya inda naki ya fara. Shi ya sa ban yarda da idona ba. Na nemo awo na biyu da aka yi wa galaksin a wata shekara daban, da wani madubin hangen nesa daban. Kwana biyu ina sauke shi, rezo na yankewa. Layukan biyu suna nan a gurbinsu. Hayaniya ba ta komawa wuri ɗaya sau biyu, ke kika gaya mini haka.

Ba zan rubuta a dandali ba, na yi miki alkawari. Amma ki sani ba a hannuna kaɗai abin yake ba. Awon nan a buɗe yake ga duniya, mu dubbai ne muke dubawa. Abin da na gani cikin yamma ɗaya, wani zai gani, wataƙila bayan an riga an kira ki dokta, an buga sunanki a kai.

Jiya Inna ta zo kasuwa ta biyo ta gidana. Ta ce, "Bubakar, an ce za a iya ganin ɗiyata ta cikin waya ranar da za a yi mata tambayoyin?" Na ce za a iya. Ta ce to in tanadi kujeru, ta gayyaci mata shida, har da Gwaggo Hafsatu daga Korahane. Ta dube ni ta ce, "Mi ya same ka, ka rame?" Na ce gyaran takardun ɗalibai ne. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai jiya.

Na ga kin sa sunana a shafin godiya. Idan littafin zai tafi yadda yake, ki cire shi. Ba don fushi ba. Ba zan iya ba ne.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri.
Yayanki, Bubakar

Dakoro, 16 ga Oktoba

Azara,

Sallama. Kwana bakwai ba amsa, na kira sau goma sha ɗaya ba ki ɗauka. Inna ta ce ke ma ba ki kira ta ranar Juma'a ba. Ki zage ni in kina so, amma ki ce wani abu, ko kalma ɗaya, in san kina da rai da lafiya.

Bubakar

Faransa, 21 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ka gafarce ni da maganar da na yi maka.

Tun ranar da takardarka ta farko ta iso na san kana da gaskiya. Na buga hotonta a takarda, kwana goma ina ɗauke da ita a jaka. Ranar Laraba na shiga biron Farfesa, ofishinsa, na ajiye mishi shafinka na biyu, da rubutun hannunka. Ya karanta a tsaye. Ya sake karantawa tun daga farko. Daga nan ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na ce yayana. Ya ce a wace jami'a? Na ce a lise, a Dakoro. Sai ya jawo kujera ya zauna.

An fasa sutanans. Babi uku sun mutu. Maganar takardar zama, ya rubuta wa hukuma, ba mu san amsa ba tukuna. Na kira Inna da kaina na gaya mata, ta yi kuka, sannan ta ce ai ba mutuwa aka yi ba.

Wata abokiyar aikinsa da ke ƙasar Cile ta juya mana babban madubi na rabin awa. Hoton yana haɗe da wannan takarda. Ka ga siririn zoben da ya kewaye galaksin? Hasken ta bayan ne, nauyin ta gaban ya lanƙwasa shi. Da zoben nan za a iya auna nauyinta duka. Farfesa ya ce littafi ne sabo, in na iya jure wata shekara ɗaya.

Ya kuma ce akwai zane dubu huɗu da ba wanda ya duba su da irin idon nan. Na tura maka ɗari biyu na farko.

Har yanzu ina jin haushinka, Yaya. Ka fara da na sama.

Ƙanwarka, Azara