Tuwo a gindin bokiti

Daren Laraba, Sentul, Malesiya

Yau 'yata Hanifa ta ɗebi tuwon semo ta liƙa a gindin bokiti. Wai haka ta ga makaɗin haikalin 'yan Hindu na layinmu yana liƙa kwaɓaɓɓen gari a fatar gangarsa, don amon ya yi kauri, ƙafafun 'yan rawa su bi.

Na ɗaga hannu zan make ta, sai ta fara kaɗawa. Wallahi hannun marigayi Baba ne sak, lokacin da yake wa mahauta kalangu. Ita ko ganinsa ba ta taɓa yi ba.

"Ummi, zan koya, boleh?" in ji ta, wato ko na yarda, da harshen Malay.

Na ce sai Abbanta ya dawo. Ya dawo, ban faɗa masa ba. Bokitin ma na kasa wankewa.