Safura, Rubutun Nan Nawa Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga aminiyata Safura, a gidan Gwaggo, Salaga. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggo da mutanen gida. Na san an karɓe wayarki, amma 'yar Gwaggo tana bin wannan shafi nawa na intanet. Ina roƙonta don Allah ta karanta miki har ƙarshe, kada ta tsallake komai.

Ranar Talata malamarmu Madam ta rubuta wata kalmar Turanci a allo, entitativity. Gaɓa shida, ba wanda ya iya faɗinta bai yi tuntuɓe ba, aji ya yi ta dariya. Wai ma'anarta yadda mutane da yawa suke zama abu guda har na waje ya kasa ganin tsagi. Wani ya ce ai tsintsiya ke nan. Madam ta ce a'a, tsintsiya daga waje aka ɗaure ta, in maɗaurin ya tsinke ta watse. Wannan kamar sakwara ce da doyar Kpandai, danƙonta ne ke riƙe da ita daga ciki.

Ni ban yi dariya ba. Wurin zamanki nake kallo.

Kin tuna yadda muke mu biyar, ni da ke da Hawa da Memuna da Asana. In muka ɓullo, mai kokon bakin kasuwar Yendi sai ta ce, "Ga salloli biyar nan, ba a barin ɗaya." Littafin soyayya ɗaya muka samu, muka farke ɗinkinsa kashi biyar don ya ɓoyu cikin jaka, yana zagayawa hannu zuwa hannu. Ke kika kafa doka, ba mai buɗe kashin ƙarshe sai mun hallara mu duka.

To, Safura, takardar soyayyar da mahaifinki Baba Malam ya tsinta a jakarki, a tsakiyar kashi na uku, ni na rubuta ta. Wallahi ba wani saurayi. Kin san ni, ko gaisuwar namiji ba na iya amsawa sai na kalli ƙasa. Kwaikwayon yarinyar cikin littafin na yi, in ji yadda ake ji in an rubuta "masoyina". Na sa ta alamar shafi, na manta, na miƙa miki.

Kin gane hannuna, na sani. Shekara nawa muna kwafar aiki a benci ɗaya? An ce mahaifinki ya tambaye ki sau uku gaban ɗalibansa, ta wace ce, kika ce ba ki da abin faɗa. Bayan kwana biyu aka ɗora ki a motar Salaga. Ina bayan shagon tela ina leƙenki, ban fito ba.

Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ya biyo baya. An ga Asana ta durƙusa tana gaida Baba Malam da safen ranar, shi ke nan Hawa da Memuna suka ce ita ta kai tsegumi. Yarinyar da ta baro Bawku da uwarta da ƙunshin kaya biyu, ba ta da kowa a garin nan sai mu. Yanzu ita kaɗai take cin wakenta a gindin dalbejiya. Jiya ta zo ta ajiye mini kashi na huɗu a tebur, ta juya ta koma wurin zamanta. Ni kuma ina zaune tsakanin su Hawa ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Jarrabawar fita saura mako shida, kuma an ce in ba ki dawo ba kafin Litinin ta sama za a cire sunanki.

Gobe bayan la'asar zan je zauren Baba Malam da littafin rubutuna, ya ɗora shi kusa da takardar ya gwada da idonsa. Ƙila ya aika a kira babana. Ƙila ni ce zan hau motar. Shi ya sa na fara faɗa a nan inda kowa zai gani, don kada gobe in kai bakin zaure in juyo. Yau na faɗa wa Asana gaskiya, ta ce za ta raka ni, bayan duk abin da muka yi mata.

Safurata, ke kika riƙe mu daga ciki, ni na bari aka ɗebe ki. Ban ce ki yafe mini yau ba. Ki dai dawo, ko ba za ki ƙara kallona ba.

Kashin ƙarshe yana ƙasan akwatina, ko bangonsa ban ɗaga ba.

Allah Ya sanyaya zuciyar Baba Malam, Ya wanke Asana, Ya maido ki kafin Litinin. Ni kuma Ya ƙarfafa mini gwiwa, Ya sake mini harshe gobe. Amin.

Taki, mai jin kunyarki,
Balkisu